Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye hoto, haɗa shi take yi

Babban darasin da karatun ƙwaƙwalwa ya koya mini shi ne, abin da muke gani da abin da muke tunawa duk ita ce ke harhaɗa su. Ga gwajin da kowa zai iya yi. Zana tauraro a hagu da ɗigo a dama, tsakaninsu santimita 8. Rufe idon hagu, kafa na dama a kan tauraron, ka riƙa matso da takardar sannu a hankali. Wajen santimita 30 daga fuska ɗigon zai ɓace, kuma ba rami za ka gani ba, farar takarda ce kawai. Hoton ɗigon ya faɗa ne inda jijiyar gani ta fita daga ido, inda babu ƙwayoyin karɓar haske, sai ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da abin da ke kewaye. In bai ɓace ba, idonka ne ya saki tauraron. Tun ƙarni na 19 Bajamushe Helmholtz ya ce gani hasashe ne da ake yi ba tare da sani ba.

Tunawa ma ba abu ɗaya ba ce. A 1953, a Amurka, aka yi wa Henry Molaison tiyata saboda farfaɗiya, aka cire mafi yawan sashen ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas ta ɓangarorin biyu. Daga nan bai ƙara riƙe sabon labari ba. Amma mai binciken ƙwaƙwalwa Brenda Milner ta sa shi zane yana kallon madubi, hannunsa ya yi ta ƙwarewa alhali bai tuna ya taɓa yi ba. Ashe hanyar ƙwarewar hannu daban, ta labari daban.

Wannan ne ya sa nake damuwa da yadda ɗalibanmu a Garwa da Marwa na Kamaru ke shirin Bak, jarrabawar kammala sakandare. Ana maimaita karanta shafi har ya zama sananne ga ido, a ɗauka an haddace. Gane abu da ciro shi daga ka ba ɗaya ba ne. Wani masani Bajamushe, Ebbinghaus, ya nuna a 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko. Saboda haka rufe littafi ka faɗo da ka, ka duba inda ka ɓata, ka sake gobe, bayan kwana uku, bayan mako. Malaman tsangaya sun daɗe a kan wannan: sai an biya allo da ka ake wankewa, tilawar baya kuma ba a barinta.

Kwana ana karatu daren jarrabawa ya fi komai ɓarna, domin a cikin barci mai nauyi ne hifokamfas ke maimaita abin da aka koya yana miƙa shi ga ɓawon ƙwaƙwalwa, wato sashenta na waje.