Neman gida a Jidda

Wata huɗu kenan ni da Yaya muna yawon neman shaƙƙa, wato fulat, wallahi ƙafata ta gaji. Tun da aka rushe unguwannin Gulail da Karantina a 2022 mutanenmu suka watse, kowa ya kama gabansa, Hajiya kuma ta dage ita dai a samo mata inda akwai masallaci kusa da maƙwabtan da za ta yi Hausa da su.

Jiya bayan la'asar dillali ya kai mu unguwar Safa, gini sabo fil, ƙamshin fenti bai ma fita ba, ɗaki huɗu da majalisi, wato falon baƙi, Yaya har ya fara auna inda firij zai zauna, da mutumin ya faɗi kuɗin sai muka kalli juna kawai, ga harajin kashi 5 na cinikin gida a kai. A tsofaffin unguwanni abin biyu ne, ko tsohon gini mai yoyon famfo ko sabo na masu hannu da shuni, na tsaka-tsaki babu. Wanda aljihunmu zai ɗauka sai can Hamdaniya.

Da na gaya wa Hajiya shiru ta yi, can ta ce to wa zai riƙa kai ni gaisuwa da ta'aziyya daga can? Har yanzu maganar tana cina.