Injin ko-ta-kwana a ramin ɗakin ƙasa: abubuwan da aikin ke koyarwa

A yawancin gidajen Kanada da arewacin Amurka akwai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, kuma a kusurwarsa akan haƙa rami inda ruwan da ke taruwa a gindin gini yake gangarowa. A cikin ramin ake tsoma injin da ke tura ruwan waje, ɗan'uwan samo na rijiyar burtsatse. Matsalar ita ce hadarin da ke cika ramin shi ne kuma ke ɗauke wuta. Saboda haka ake ƙara ƙaramin inji na biyu, na ko-ta-kwana, mai aiki da batir 12V.

Darasin farko yana kan ƙwallon da ke kunna injin idan ruwa ya ɗaga ta. Dole ta injin ko-ta-kwana ta zauna inci kaɗan sama da inda babban inji ke tashi. In an yi ƙasa da ita, ƙaramin zai riƙa yin aikin babba kullum, batir ya gaji tun ranar buƙata ba ta zo ba. A ɗaure wayoyi a jikin bututu, domin waya guda da ta sarƙe ƙwallo ta isa ta jawo ambaliya.

Kowane inji sai da bawul ɗinsa mai hana ruwa komawa, kafin bututun biyu su haɗu a mahaɗa mai siffar Y. Nan ne masu gaggawa ke yin tsimi, kuma tsimin banza ne: in babu bawul a kan babban injin, ƙaramin zai tura ruwa ya bi ta cikin babban ya dawo rami, yana ta kewayawa har batir ya mutu. Bututun PVC na inci 1.5 ne aka saba. A gwada haɗin a bushe kafin a shafa gam, a kuma duba kibiyar da ke jikin bawul tana kallon sama.

Akwai wani ɗan huji da ake yawan mantawa. Tsakanin inji da bawul, a cikin ramin, a huda bututu, huji mai faɗin inci 3/16, bakin yana kallon ƙasa. In babu shi iska kan maƙale, sai ka ji inji yana gurnani, ruwa ko ɗigo bai fita. Feshin da ke fitowa ta hujin ba yoyo ba ne, kada a toshe.

Batirin mota bai dace ba, an yi shi ne don bugu ɗaya mai ƙarfi. A nemi irin mai jure doguwar zuƙa, dangin na sola da inbata, wajen 75Ah zuwa 100Ah. AGM, wato rufaffen batir da ba a ƙara masa ruwa, ba ya buƙatar hidima. Mai ruwa kuwa sai ana ƙara masa tataccen ruwa, kuma yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, don haka kada a toshe hujin akwatinsa. A ɗora shi da cajarsa a kan kanta, ba a daɓe ba. Shekara 3 zuwa 5 yake yi, a rubuta ranar saye a jikinsa.

A waje, bakin bututu ya yi nisan kamar mita 3 da gini, da gangare, don kada ruwa ya kwanta ya daskare da hunturu.

Gwaji kuwa ba danna maɓalli ba ne. A zare filogin babban injin, a riƙa zuba ruwa bokiti-bokiti har ƙwallo ta ɗaga da kanta, ƙararrawar injin ko-ta-kwana ta yi kuka, ramin ya zuƙe. A maimaita duk wata 3, sannan a tabbata an mayar da filogin.