Littafin da na ɓoye a ƙarƙashin kanta

Da Baba ya rasu a ƙarshen 1973, abin da muka tarar a kantinsa bai wuce sandunan sabulu kaɗan ba, da rabin buhun gishiri, da garwar kananzir da ta kusa ƙarewa. Sai littattafan bashi guda uku, cike maƙil da rubutun ajami. Yawancin lissafin da fam da sule aka yi shi, don an fara rubuta shi tun kafin naira ta shigo a watan Janairu na shekarar. Garinmu ƙarami ne, yana kan layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, kowa manomi ne, kuma fari ya riga ya cinye damina biyu. Wata biyu na yi ina bin gida gida da littattafan nan. Wani ya tafi cirani, wani shanunsa sun mutu, wani kuma in ka shiga zaurensa ka ga halin da yake ciki kai da kanka za ka ji kunyar buɗe baki. Abin da na tara bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Inna ce ta sayar da tumakinta da wasu tasoshinta na aure ta haɗa mini jari. Na hau jirgi zuwa Kano, na yi sari a Sabon Gari, na ɗauko turmin atamfa kaɗan a Kantin Kwari. Da na dawo, kafin in jera kaya sai da na sa aka rubuta mini allo da fenti, da boko a sama da ajami a ƙasa: BA BASHI, KUƊI HANNU. Kowane kaya kuma na rubuta kuɗinsa a ɗan yankin kwali na jingina a gabansa. Ba tayi, ba albarka, ba "ƙara mini sisi". Shekarata ashirin da biyu a lokacin, dattawan gari suka ce yaron nan ba zai kai kaka ba.

Abin ya tafi daidai, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai ba da bashi dole ya ɗora wani abu a kan kayansa don ya rufe ramin waɗanda ba za su biya ba, wato mai biya shi ke ɗaukar nauyin wanda ya gudu. Ni ba ni da wannan ramin, sai na rage kwabo ɗaya ko biyu a kan madarar Peak da ashana da batir. Kuɗina kuma ba sa kwana a aljihun kowa, duk mako biyu ina hanyar Kano, masu ba ni sari suna ganin tsaba a hannuna suna sassauta mini. Abin da ban zata ba shi ne matan kulle. Su ne suka riƙe kantin. Mace ta san in ta ba yaro sule ɗaya, ga abin da zai kawo ga canjin da zai dawo da shi, ba mai cutarsa, shi ma ba shi da hanyar ɓoye kwabo. Na riƙa ɓare kwalin sukari ina sayarwa ƙwaya ƙwaya, ina yanka sandar sabulu gida huɗu, ina auna kananzir da ƙaramar kwalba, don mai taro ma ya samu abin saya. Har lokacin mutane sule da sisi da fam suke kira, ko da kwabon naira ne a hannunsu.

A cikin marka ta 1974 aka fara gwada ni. Wanda ya zauna a ƙauye ya san watan Agusta: rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, kuɗi sun ɓace daga gari kamar an share. Wata rana bayan isha'i ana yayyafi, ina shirin rufewa, sai ga maƙwabcinmu, aminin Baba tun suna yara, wanda muke kira Baffa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya karkaɗe rigarsa, ya zaro kwalba daga aljihu ya ajiye a kan kanta.

"Ɗana, jikanyata ce ba lafiya, fitila ta mutu. Zuba mini rabi, in an cire gyaɗa zan kawo."

Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, ka ga allon nan. In na yi wa ɗaya dole in yi wa kowa."

Bai ɗaga kai ya dubi allon ba. Ni ya duba. Ya ɗauki kwalbarsa ya mayar aljihu, ya ce, "To, Allah ya yi wa kasuwa albarka," ya fita cikin ruwan. A daren nan na gaya wa kaina na yi daidai, na tuna littattafan Baba guda uku, na yi barci. Da a nan na tsaya, da mutane sun ce mini mai taurin kai, amma ba wanda zai ce mini mai fuska biyu.

Wajen azumi, wanda ya faɗo a watan Satumba zuwa Oktoba a shekarar, sai labarin Udoji ya cika gari. Kwamitin da gwamnatin Gowon ta kafa a ƙarƙashin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa, ana ta cewa za a ƙara albashi har a biya bashin watannin baya. Akwai wani ma'aikaci baƙo da aka turo garinmu, mai tsabta, mai iya magana, kullum da yamma yakan zauna a bencin ƙofar kantina da rediyonsa. Shi ya fara yi mini lissafin. Ya ce bashin manomi yana hannun damina, nasa kuwa yana hannun gwamnati, ƙarshen wata ba ya fashi. Ya ce ba ma bashi ba ne, jinkiri ne na kwanaki. Ni kuma ina son a riƙa ganin irinsu a kantina, wannan ita ce gaskiyar magana. Na sayi ɗan littafi mai bango ja, na ce masa sharaɗi ɗaya ne, kada kowa ya ji. Na cusa littafin a ƙarƙashin kanta, bayan kwalayen ashana.

Watan farko ya biya cif. Na biyu ya biya rabi, ya ce a bari Udoji ta sauka. Kafin in farga ya jawo mini abokan aikinsa biyu, shafuka suka fara cika: sukari, wanda ya yi tsada ƙwarai a shekarar, da madara, da Bournvita, da turmin atamfa biyu na matarsa. Duk wannan ana yi allon yana rataye a bakin ƙofa, ni kuma ina ta nuna wa talakawa shi da yatsa.

Ranar da asiri ya tonu ranar kasuwa ce, farkon Disamba, an fara awon gyaɗa, kuɗi sun shigo hannun mutane. Kanti ya cika har waje. Baffa yana ciki, karo na farko tun daren nan, ya zo da kuɗinsa a ƙulle a bakin hula zai sayi gishiri da sabulu. Sai ga yaron gidan ma'aikacin nan, ɗan shekara takwas ko tara, ya kutsa tsakanin ƙafafun manya ya ɗaga murya yadda aka aike shi:

"Wai in ji Malam a ba da sukari kwali biyu da madara gwangwani huɗu, a rubuta a littafi."

Kantin ya yi tsit. Wani daga baya ya ce, "Wane littafi?" Yaron ya miƙa hannu ya nuna ƙarƙashin kanta, daidai wurin, don ya sha ganin ina zaro shi. Ina riƙe da sandar sabulun Baffa a hannu, na kasa ajiyewa na kasa miƙawa. Baffa bai ce uffan ba. Ya mayar da kuɗinsa cikin hula, ya gyara ta a kansa, ya ratsa mutane ya fita. Mutum uku suka bi bayansa ba su sayi komai ba.

Har yau in na tuna muryar yaron nan sai na ji zafi a ƙirjina. Ba shi da laifi ko kaɗan. Ni na haƙa ramin.

Kafin la'asar zancen ya zaga gari, har cikin gidaje. Abin da ake faɗa ba wai na hana bashi ba ne, wannan an riga an saba da shi, wasu ma suna yaba mini. Abin da ake faɗa shi ne ɗan wane yana da bashin masu takalmi, amma ba shi da na rabin kwalbar kananzir ga aminin ubansa. Matan da suka riƙe ni suka daina aiko yara. Ga shi na zuba kusan duk jarina a kayan Babbar Sallah, wadda ta zo a ƙarshen Disamban. Atamfa ta kwanta, sukari ya fara jan damshi, mutane suna wucewa ta ƙofata da kuɗin gyaɗa a aljihu suna zuwa ƙarshen gari wajen mai tebur da ya fi ni tsada. Sun san ya fi ni tsada, sun zaɓi su biya. Kuma kakar ce ta farko mai kyau bayan fari. Shekarar da ta biyo, 1975, cuta ta kama gyaɗa ta nakasa ta a faɗin Arewa, irin wannan kuɗin bai sake shigowa garinmu da wuri ba. Kakar da ya kamata in kafu a kanta ita na zubar saboda ɗan littafi ja.

Udoji kuwa ta sauka a farkon 1975. Ma'aikacin ya sayi babur sabo. Na je gidansa sau huɗu, kullum da sabon uzuri, ana nan sai na ji an yi masa canjin wurin aiki, ya kwashe kayansa da asuba. Abokansa biyu sun biya, Allah ya saka musu. Shi kuwa naira arba'in da shida ya tafi da su, fam ashirin da uku ke nan a lissafin da muka saba, kuɗin da a lokacin zai cika mini rabin kanta. Kan in koma Kano kuma kaya sun tashi saboda kuɗin Udoji da suka cika kasuwa, abin da na sayar jiya ba zan iya sake sarinsa da kuɗinsa yau ba.

Inna ba ta yi mini faɗa a kan kuɗin ba. Cewa ta yi, "A daren da Baffanka ya zo, aljihunka babu kwabo biyar ne?" Na ce akwai. Ta ce, "To me ya hana ka ciro naka ka jefa a akwatin kanti, ka cika masa kwalbar? Allonka bashi ya hana, bai hana kyauta ba." Wallahi wannan tunanin bai taɓa zo mini ba sai da ta faɗa. Na yi ta kallon abin kamar hanya biyu ce kawai, ko in rubuta ko in hana, ga ta uku a aljihun wandona.

Da hantsi na je zauren Baffa, na cire takalmi na durƙusa. Na ce, "Baffa, na yi kuskure, ka yafe mini." Ya daɗe yana murza carbi kafin ya ce, "Ɗana, da ka hana ni ka hana kowa, da ni zan fara kare ka a garin nan. Tashi, na yafe." Ranar kasuwa ta gaba na fito da littafin a gaban jama'a, na yage shafukan da aka biya, na ce daga yau babu shi, ko hakimi ne ya aiko.

Wajen shekara biyu aka yi kafin yaran mata su dawo kamar da. Abin da ya taimake ni daga baya shi ne ajiya. Wani manomi ne ya fara, ya kawo kuɗi da kaka ya ce in riƙe masa, ya riƙa ɗaukar kaya a ciki har damina. Wasu suka bi. Sai na sake sayen littafi, amma wannan a kan kanta yake zaune, kowa yana gani, kuma ni ne ake bi a cikinsa. Ya magance matsalar marka fiye da yadda bashi zai yi, don da kaka mutum yana da kuɗi, ajiyarsu ce ke da wuya.

In yaro ya zo yau ya ce mini zai buɗe kanti na kuɗi hannu, ina ce masa ya yi, hanya ce mai kyau, ni ta rufa mini asiri shekara talatin. Amma ya rage farashi a gani a ƙasa, don in ka hana bashi kuma kana sayarwa daidai da mai bayarwa ba abin da zai kawo mutum wurinka. Ya ware wasu 'yan kuɗi nasa na kansa a aljihu saboda irin daren Baffa, don daren zai zo, kuma da fuskar wanda kake jin nauyi zai zo. Sannan ya yi hattara da mai albashi mai daɗin baki fiye da talaka mai kwalba. Talakan kan tambaya sau ɗaya a gaban kowa, in an hana shi ya tafi. Wanda zai karya ka shi ne mai cewa "tsakaninmu kawai", kuma a ƙaramin gari babu tsakaninmu, kowane gida akwai yaron aike.

Baffa ya ci gaba da sayen gishiri da sabulu a wurina har ya rasu, muna gaisawa, ya zo sunan ɗana na fari ya yi addu'a. Kananzir ne bai sake saya a kantina ba. In fitilarsa ta ƙare, ƙarshen gari yake tura jikarsa da kwalbar, ta gifta ta ƙofata ta dawo ta ƙofata, ina zaune a bayan kanta ina kallo.