Ba kowane farin tabo ne kyasbi ba

A ɗan asibitinmu na sha-ka-tafi, can wani ƙauye a ƙasar Ringim, "likita" ake ce mini, alhali ni ma'aikacin lafiya ne kawai. Rabin aikina tafinta ne. Mutum zai dawo daga babban asibiti da kati an rubuta wa ɗansa "tiniya kapitis", jikinsa a sanyaye, yana zaton wata sabuwar annoba ce ta sauka a gidansa. In ce masa makero ne, wanda ya sani tun yana makarantar allo. Sai ya kwashe da dariya.

Ƙwayar makero dangin fumfuna ce, kuma askar wanzami guda kan zaga da ita kawunan yaran unguwa. In a ka yake, man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, sai an sha ƙwayar girisofulbin na makonni. Kazuwa kuwa, da suke kira "sikebis", wani mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa rami a fata, shi ya sa ƙaiƙayin ke tsananta da dare a tsakanin yatsu. Gida duka ake yi wa magani.

Sunan da ke ba ni tsoro shi ne kyasbi. Mu nan duk wani dishi-dishin fari a jiki kyasbi ne. Na gaskiyar ba shi da wata illa sai muni. Amma bara da kaka wani dattijo manomi ya zo da tabo guda a kafaɗa, ya ce shekara biyu yana shafa man kemis.

Na ce, "Baba, rufe idonka, duk inda ka ji na taɓa ka nuna mini."

Na shafa auduga a gefen tabon, ya nuna. Na shafa a tsakiya, shiru. Na sake, shiru.

"Ɗan nan, ka fara ne?"

Gabana ya faɗi. Farin tabon da ba ya ji, alamar kuturta ce tun kafin ta taɓa yatsu. Likitoci na kiranta cutar Hansen, sunan likitan ƙasar Nowe da ya gano ƙwayarta a 1873. Ni ma da wannan sunan na fara laɓewa, don kalmar kuturta tana da nauyi a bakin Bahaushe, ko auren jikokinsa tana iya taɓawa. Daga baya na faɗa masa ƙarara, na ƙara da cewa tana warkewa, maganin kyauta ne, wata 6 ko 12 ake sha, kuma wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta.

Na tura shi aka tabbatar. Duk wata ya riƙa zuwa karɓar maganinsa ranar kasuwa, da sassafe kafin layi ya taru. Yatsunsa goma cif, bana ma shi ya cire gyaɗarsa. Har yau maƙwabta sun san kyasbi ne ya yi masa taurin kai, ni kuwa ban gyara musu ba.