Tsagin hatimi ko kwarzane: abin da na gani a gwangwanin wani dattijo a Agege

A makon jiya wani dattijo ɗan canji da muke sallah tare a Agege ya kira ni shagonsa bayan la'asar, ya jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin benci, ya zazzage shi a kan darduma. Aninai ne da kwabbai masu huji, da sulalla uku na azurfa, waɗanda mahaifinsa ya sauko da su Ikko tun zamanin fataucin goro. Ya ce, "Malam, an gaya mini wanda ya fito da aibi daga gidan bugu ya fi tsada, ga su nan kusan duk da aibi." Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, aibin iri biyu ne, kuma ɗaya ne kawai ake saya."

Waɗannan kuɗaɗe na Afirka ta Yamma ne na zamanin Turawa, kuma mafi yawansu a Ingila aka buga su. Wanda ya ɗauki ƙaramin harafin H ko KN daga Birmingham ya fito. Ana sa faifan ƙarfe ne tsakanin hatimai biyu masu zane a juye, sannan inji ya danne shi da ƙarfi. Saboda haka tambayar da nake yi wa kowace alama ita ce, kafin dannawar nan ta auku ko bayanta?

Idan hatimi ya tsufa ya tsage, ƙarfen kuɗin yakan kutsa cikin tsagin, sai layi ya fito a tashe kamar jijiya a bayan hannu. Mun sami irinsa a wani kwabo, siririn layi daga kusurwar tauraron nan mai tsini shida har zuwa baki, launinsa ɗaya da na sauran jikin, kuma a gilashin masu gyaran agogo ana ganinsa a sama. Wannan na gidan bugu ne, ko da yake ƙaramin tsagi irin wannan ba ya ƙara kuɗi sosai. Amma layin da ya ratsa kuncin Sarki Joji na Biyar a ɗaya daga cikin sulallan a lotse yake, kuma ƙarfe ya taru a gefensa biyu kamar yadda garma ke tayar da kunya. Wuƙa ko ƙusa ce ta yi shi, shekaru bayan kuɗin ya shiga kasuwa.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne mai gutsure a baki. Yakan faru injin da ke yanka faifai ya ci gefen wani tun kafin bugu, kuma shaidarsa ita ce haruffan da ke kusa da gurbin sukan dushe a hankali, sannan bakin da ke daura da shi, a ɗaya ɓangaren, yakan fito a raunane. Aninin da Baba ya ɗora wa rai ba shi da ko ɗaya daga cikin alamun nan. Yankan ya datse harafi a tsakiya, gefensa da kaifi, har da sawun zarto. Huji kuwa ba shi da wahala: anini da ɗari (wato rabin kwabo) da kwabo da hujinsu aka yi su, wanda ya kauce daga tsakiya kuskuren inji ne, amma sule bai taɓa fitowa da huji ba, don haka duk wanda aka gani a jikinsa na masu ratayawa ne don ado. Idan shakka ta rage, a je wurin masu sayar da zinariya a ɗora a sikeli, domin sulen azurfa na 1913 zuwa 1920 yana da nauyin giram 5.66, kuma lalacewar yau da gobe kaɗan take ragewa.

Bayan an raba aibi da rauni ne ake maganar daraja. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne na William Sheldon na 1949, daga 1 zuwa 70, inda 60 zuwa sama ke nufin kuɗin da bai taɓa yawo ba. Ana duba wuraren da suka fi tudu, kamar kambin sarki da gemunsa da ganyen kwakwar manja a bayan sule, domin su hannu ke fara cinyewa. A nan ma akwai tarko, saboda bugun da bai danne da kyau ba yana barin zane a shafe, sai dai sheƙin asali yana nan a wurin, alhali wanda yawo ya cinye yakan yi sumul ya dushe.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne sauran sulalla biyun. Jikan Baba, da kyakkyawar niyya, ya goge su da toka da lemun tsami har suna ɗaukar ido. A gilashi kuwa, fuskarsu cike take da siraran layuka masu bin hanya ɗaya, kuma duhun nan da shekara ɗari ta shimfiɗa, wanda masu saye ke nema, ya tafi ba dawowa. Manyan kamfanonin tantancewa na Amurka ba sa ba wanda aka goge lamba sam. Na san danshin Legas da iskar teku suna sa tagulla ta yi kore, amma maganinsa ajiya ce a busasshen wuri, kowanne a takardarsa.

Daga ƙarshe Baba ya miƙo kwabon 1936 mai sunan Edward na Takwas, sarkin da ya sauka kafin ya cika shekara. An buga shi da yawa, ba shi da wuyar samu, sai dai akwai ƙalilan da aka haɗa musu hatimin Afirka ta Gabas a fuska ɗaya bisa kuskure, har aka rubuta senti goma a maimakon kwabo ɗaya. Muka juya nasa a hasken ƙofa, kwabo ɗaya aka rubuta. Ya yi shiru, sannan ya aiki yaro ya sayo ambulan ƙanana, ya ce in rubuta shekarar kowanne a bayansa kafin a kira magariba.