Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da aka ambaci rama a Holan

A makon jiya mun tsaya a inda na miƙa kundin digirina na biyu. Bayan kamar sati uku sai ga saƙo daga sashenmu, wai aikina ya shiga cikin ukun da za a fitar da gwani a ciki. Kyauta ce da ake bayarwa duk shekara da sunan wani malamin sashen da ya rasu, ga ɗalibin da kundinsa ya yi fice a fannin kayan da ake ƙerawa daga tsirrai. Ni ban riske shi ba, a hoto kawai na san shi.

A kan rama na yi aikina. E, ramar da kuka sani, wadda ake kwaɗo da ganyenta. Ina yaro Baba kan jiƙa karan ramar a kududdufi kwana da kwanaki har ya fara wari, ya saɓule zaren, ya zauna a gindin darbejiya yana tufka igiya a cinyarsa. Ni kuma sai ga ni cikin farar riga ina gauraya zaren nan da wata roba mai suna PLA, wadda ake samu daga sitacin masara ko sukarin rake, don ya ƙara mata ƙarfi. Ba ni na fara ba. Tun 2003 kamfanin Toyota ya yi murfin safaya taya da wannan haɗin a motarsa Raum. Nawa binciken shi ne yadda wanke zaren da sodar sabulu ke sa ya kama robar da kyau.

Danshi ne ya kusa kai ni ƙasa. Sai zafi ya kai wajen digiri 170 robar ke narkewa, kuma in akwai laima a jikin zaren, ruwan sai ya tsittsinka ta. Gaggawa ta hana ni barin zaren ya kwana a na'urar busarwa, duk abin da na zuba sai ya riƙa karyewa kamar ƙuli-ƙuli. Wata biyu cur na yi asara kafin na gane laifina ne.

Ranar bikin babbar riga na saka, da suwaita biyu a ciki saboda sanyi. Lardin Limburg na Holan, inda muke karatu, ƙasar kwal ce a da, sai a 1974 aka rufe mahaƙa ta ƙarshe, kuma wasu abokan karatuna jikokin mahaƙa ne. Su ne yau suke neman robar da ba ta buƙatar man fetur.

Wani abokin aikin marigayi malamin ya tashi ya yi jawabi, muryarsa na rawa. Ina zaune na tuna hadisin abubuwa ukun da ba sa yankewa bayan mutuwa, har da ilimin da ake amfana da shi. Baba ko hotonsa ba mu da shi, amma igiyarsa ce ta kawo ni ɗakin nan.

Ba ni na ci ba. Wata ɗaliba ce da ta haɗa gam daga sinadarin itacen da masana'antun takarda ke ƙonewa. Tsakani da Allah aikinta ya fi nawa tsafta, sai dai zuciya ba ta da ƙashi, ina tafi ina haɗiye wani abu mai ɗaci.

Da dare na kira Inna na ba ta labari. Ta yi shiru, can ta ce, "Yanzu, ɗan nan, duk shekara biyun nan a kan rama ka yi su?"

Na ce, "Wallahi kuwa, Inna."

Ta ce, "Ikon Allah. Ga ta nan bayan ɗaki awaki na ci."

Muna cikin dariya na sa hannu a aljihu, na ji katin da wani dattijo ya miƙo mini a bakin ƙofar zauren, ya ce in neme shi ranar Litinin. Abin da ya fito daga wannan kiran, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.