Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Idan Agarar Ƙwanji Ta Tsinke

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya na tsaya a kan ayyukan da muke yi a ɗakin fiɗa nan Damagaram. Yau zan ware guda ɗaya, domin jinkiri yana ɓata shi: tsinkewar agarar ƙwanji a gwiwar hannu.

Galibi namiji take samu, ɗan shekara 40 zuwa 60, musamman mai shan taba. Ka ɗauki ɗan dako a Kasuwar Dole: buhun gero ya suɓuce, ya tare shi da hannu a lanƙwashe, nauyin ya miƙar da hannun da ƙarfi. Sai ya ji ɓas! Ƙwanjin ya tattare ya hau wajen kafaɗa, jini ya kwanta a gaban gwiwar.

Abin da ke ruɗin mutane, hannun bai daina lanƙwasuwa ba, kuma hoton ƙashi ba ya nuna karaya. Sai a tafi wurin mai ɗori, alhali ba abin da zai ɗora. Abin da ya fi raguwa shi ne ƙarfin juya tafin hannu sama, kusan kashi 40 cikin 100. Makanike shi zai fara ganewa, ranar da ya zo murɗa ƙusa. Likita kuwa ɗan yatsa yake sawa daga gefen waje ya ƙugiye agarar. In ya ji fayau, ta tsinke.

An fi son a yi aikin cikin mako 2 zuwa 3. In ya wuce wata guda da rabi, agarar ta janye ta manne da nama, wani lokaci sai an ciro wata daga bayan cinya a yi ƙari.

Ana tsaga kamar santimita 4 a ƙasa da lanƙwasar gwiwa, a laluɓo bakin agarar, a datse inda ya tsattsage, a saƙa masa zare mai ƙarfi wanda ba ya narkewa. Sai a huda ƙashin da ke gefen babban yatsa, daidai tudun da agarar ta ɓalle daga shi, a zura wani ɗan maɓallin ƙarfe ya fita bayan ƙashin ya gitta, a ja zaren har agarar ta shige ramin.

Nan ne zuciyata ke tsayawa kullum. Bayan ƙashin nan akwai jijiyar da ke ɗaga yatsu. Dole mai riƙe hannun ya juya tafin sama iyakar juyuwa, ba sassauci, domin hakan ke nisanta ta da bakin abin huji. In aka taɓa ta, yatsu su saki. Wata jijiyar kuma tana kusa da fata. Jan ta da ƙarfi ke kawo dindiris a gefen hannu, yawanci ya wuce cikin 'yan watanni. Garin ƙashin da aka huda ma sai an wanke shi tas, in ba haka ba sabon ƙashi na iya tsirowa ya haɗe ƙasusuwa biyun da ke tsakanin gwiwa da wuyan hannu, hannu ya daina juyawa.

Bayan aiki ana ɗaure hannun a lanƙwashe mako 1 zuwa 2. Har mako 6, kada majinyacin ya ɗauki abin da ya fi kofin shayi, ko da butar alwala ce cike. Dako kuwa sai bayan wata 4 zuwa 6.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga yadda ake motsa hannun a gida.